Likitan da ya maido wa Baba sawun bakina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina shanya wanki aka kira ni, wai Dokta Sama'ila, likitan haƙori, ya rasu.

Ni ce gajerar yarinyar nan ta garin Ruwan Godiya. An haife ni da wata lalura da mata kaɗai take samu: tsawo ya tsaya, haɓa ƙarama, haƙora sun hau juna. Ko masara ba na iya gaigaya. A aji kuwa ba na buɗe baki, har Baba ya fara zancen cire ni daga boko.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ne, kowa na sayen rediyo da babur. Hedimasta ya matsa ma Baba, aka kai ni Zariya wajen Dokta.

Dokta ya danna mani wani abu kamar ƙullu a baki, ya fitar da siffar haƙorana. Sai Baba ya miƙe tsaye! Mu da ko farce muka yanke sai an binne, shi ne za a bar sawun bakin ɗiyarshi hannun baƙo?

"Wallahi ba mu tafiya mu bar shi," in ji Baba.

Dokta bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, ara mani shi sati biyu. Amana ce."

Jama'a, ranar da sati biyu suka cika, tsakiyar damina, sai ga mutum bisa babur tun daga Zariya, taɓo har gwiwa. Ya miƙa ma Baba sawun a naɗe cikin hankici, ni kuma ya sa mani wayar gyaran haƙori. Baba kuwa sai zakara ya sa aka kama mashi.

Shekara huɗu, duk awon da ya ɗauka sai ya maido. Har yau mamakin bawan Allahn nan nake.

Ba a cire ni daga boko ba. Na gama, na koyar a Faskari har na yi ritaya.

Bara na je gaishe shi, ido ya tafi. Ya ce, "Rabi ce? Yi magana in ji." Na yi ta zuba kamar rediyo. Ya ce, "To, aiki ya yi."

Allah Ya jiƙanka, Dokta, Ya sa Aljanna ce makoma.

Lalurar nan ta hana ni haihuwa, ba ni da ɗa ko ɗiya da zan sa su yi mashi addu'a. Don Allah, duk wanda ya ga wannan, ya karanta mashi Ƙulhuwallahu ƙafa uku a madadinsu.