Sojan da Ke da Maciji a Hula

Akwai abin da ya faru a gidanmu na Pantami wanda ba na jin zai fita a raina muddin ina numfashi. Amma tun farko ina so in ce an ɗan kwana biyu, mai yiwuwa ne wata magana na sa ta a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba, ko na kawo na baya gaba. Abin da na tabbatar shi ne hoton, domin har yau yana nan a ɗakin Ummanmu.

Umma ba ta san mahaifinta ba. Soja ne mutumin Borno, aiki ya ratso da shi Gombe, ya auri kakarmu, bai daɗe ba aka tafi da su yaƙin basasa ya bar ta da ciki. Bai dawo ba. Ita ma kakar tamu ba ta yi nisan kwana ba, manyan da suka ɗaura auren kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido. Wadda ta rage daga mutanen wancan lokacin ita ce Inna, ƙanwar kakarmu, wadda take yarinya ƙarama sa'ad da aka yi auren. Dangin uban Umma kuwa sai dai gaisuwa ta bakin matafiya, ita ma jefi-jefi.

Rikicin da ya tashi mutane daga garuruwansu a Borno shi ya kawo mana su. Wata rana da hantsi wata mata ta yi sallama, ta ce a unguwar Bagadaza suka samu ɗaki, tambaya ce ta kawo ta har ƙofarmu. 'Yar ƙanwar mahaifin Umma ce. Bayan an yi kuka an ci abinci, sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ɗan hoto mai baƙi da fari, gefensa duk ya lanƙwashe. Ta ce a ƙasan kwallar mahaifiyarta ya zauna shekara da shekaru, tsohuwar takan ce hoton yayanta ne, amma ta rasu ba wanda ya yi tunanin ya ce ta nuna shi da yatsa. Domin kuwa sojoji biyu ne a ciki, dogo a tsaye, da wani mai matsakaicin jiki a zaune a kan benci. Bayan hoton ba rubutu ko ɗaya.

A lokacin idon Umma ya riga ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, likita ya gaya mana a fili cewa magani zai rage masa gudu ne kawai, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta kai hoton dab da fuskarta, ta juya shi wajen haske, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo mini.

“Kai ne ka karanta tarihi,” in ji ta. “Ka duba mini wanne ne babana, tun ina gani.”

Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune gida ina jiran aiki, kuma ni mutum ne da ko hanya aka tambaye ni sai na ƙara da “in ban yi kuskure ba”. Na kai hoton wani shagon ɗaukar hoto a bakin titinmu, aka wanke shi babba. A nan ne abin da ke gaban hulunansu ya fito. Na dogon kamar tsuntsu ne ya buɗe fikafikai. Na wanda ke zaune kuwa sanda ce a tsaye, maciji ya kanannaɗe ta.

Da Inna ta ga haka, nan take ta yanke hukunci. Ta ce dogon ne, ai ga tsayin Umma nan, ga dogon wuyanta. Wancan kuwa mai maciji a goshi, ko waye shi, ba dai surukin gidansu ba, don mahaifinsu ba zai ba da 'yarsa ga mai yawo da kayan tsafi a ka ba. Ta ce in koma shago a yanke shi, a bar dogon shi kaɗai a sa masa gilashi. Yayyena suka goyi bayanta, har baƙuwarmu ta Bagadaza ta ce ita ma kamar ta ga hancin danginsu a fuskar dogon. Na tambayi Inna ko ta tuna fuskar kakanmu. Ta ce a zamaninsu wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta kalli mijin yayarta? Da na ce a ɗan dakata, sai ta juyo kaina da irin tsokanar da muka saba.

“Kai dai mijin nan nawa ba ka da amfani. Da kai aka aika neman aurena, da har yau kana zaure kana cewa a ɗan dakata.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban kai hoton an yanke ba. Kuma ban nuna wa Umma wanne ne babanta ba. Kullum da safe in na je gaishe da Umma sai ta ɗan yi shiru bayan gaisuwar, na san abin da take jira, ni kuma in kawo zancen magani. Na duba a waya, na ga hotunan tambura iri-iri, har da masu maciji da ake dangantawa da aikin asibiti, amma na kasa yarda da kaina. In na ce wannan ne ya zama ba shi ba fa? Na ba ta uban wani ke nan ta tafi da fuskarsa cikin duhu.

Wani abokina na jami'a ne ya cece ni. Da na ba shi labari sai ya ce in zo gidansu a GRA, mahaifinsa tsohon hafsan soja ne. Na je bayan la'asar, na same shi a kan kujerar roba ƙarƙashin bishiyar mangwaro, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara dogon bayani ina ba da haƙuri, ya ce in miƙo hoton kawai. Ya sa tabarau ya duba. Ya ce na dogon mikiya ce, tambarin yawancin sojojin ƙasa. Na ɗayan kuwa na sashen kiwon lafiya ne, masu ɗauko waɗanda aka harba da masu ɗaurin rauni. Da na gaya masa abin da Inna ta ce game da tsafi, ya yi dariya har da tari. Ya ce shi kansa wani mai irin wannan hula ne ya goyo shi daga daji, don haka a gaya wa Hajiya ta sassauta wa macijin.

Sai ya cire tabarau ya ce, “Ɗana, hula ba ta faɗin sunan mutum. Aikinsa take faɗi. Ka koma gida ka daina tambayarsu kamanninsa. Ka tambaye su me hannunsa ya iya.”

Washegari na sami Inna a tsakar gida tana gyaran zogale, Umma na zaune kusa da ita. Ban yi zancen hoto ba. Na ce ta ba ni labarin zaman da kakanmu ya yi a gidan, ko me yake yi in ya dawo daga aiki. Ta ce me za ta tuna ban da azabar da ya ba ta? Ta ja zaninta ta nuna wani tabo a ƙwaurinta, wanda tun ina yaro nake gani ban taɓa tambaya ba. Ta ce gyambo ne ya ƙi warkewa, har an fara cewa ƙafar ba za ta yi ba. Shi ya sa aka danne ta, ya wanke shi da wani ruwa mai zafi kamar wuta, ya shafa shuɗin magani, ya naɗe da farin ƙyalle, kullum sai ya sake. Ta ce tana ihu tana zaginsa, shi kuma yana ce mata “sannu ƙanwata” da Hausarsa ta Barebari. Daga nan mutanen unguwa suka riƙa kawo masa yaransu, har zauren gidan ya koma warin asibiti.

Tana cikin ba da labarin na gaya musu abin da Baban abokina ya ce. Inna ta saki zogalen. Ta ce a ba ta hoton. Ba fuskar ta kalla ba, hannuwan na zaunen ta kalla, da ya ɗora a kan gwiwoyinsa. Ta daɗe, sannan a hankali ta ce, “Allah ya yafe mini, shi ne ya ceci ƙafar da nake takawa.”

Ni kuwa halina bai bar ni ba. Na fara cewa ba fa tabbas ba ne ɗari bisa ɗari, mai yiwuwa dogon ma ya iya ɗaurin rauni, mai yiwuwa sun yi musayar hula don ɗaukar hoto. Umma ta ɗaga mini hannu.

“Ya isa. Ka faɗi abin da ka sani, ka faɗi inda saninka ya tsaya. Sauran nawa ne.”

Ta ɗauki babban hoton ta fita inda rana take, ta kai shi kusa da idonta mai dama-dama. Ba ta yi kuka ba. Can sai ta yi murmushi ta ce ashe a nan autanmu ya ɗebo waɗannan kunnuwan nasa. Da aka zo sa gilashi, yayana ya ce to yanzu sai a yanke dogon. Ta hana. Ta ce wanda ya tsaya kusa da babanta a wancan wuri, ya ci addu'arta shi ma, wa ya sani ko shi ba mai yi masa.

Kafin damina ta zagayo ganin nata ya ƙarasa tafiya. Yanzu in baƙo ya shigo ɗakinta takan ce ya ɗaga kai ya ga babanta, na zaunen, ta kwatanta shi tun daga hula har takalmi ba ta kuskure ko ɗaya. Duk lokacin da na ji haka sai in gode wa Allah, in gode wa matar da ta gudo da ɗan hoto a bakin mayafi ta bar kayan ɗakinta, da dattijon da ya gyara mini tambayata, da Inna da tabonta. Na koyi cewa taka-tsantsan yana da kyau, shi ya hana a yanke kakana daga hotonsa. Amma da na ci gaba da jiran tabbacin da ba zai taɓa zuwa ba, da Umma ta shiga duhu ba tare da fuskar kowa ba.

Waɗanda suke tsakar gidan a ranar, musamman yayyena, in kun ga inda na kauce ku gyara mini. In kuma akwai wanda yake da irin hoton nan a gidansu, dogon soja a tsaye da mikiya a hularsa, ya sani akwai wata tsohuwa a Pantami da ba ta sallame salla ba ta sa shi a addu'a ba.