Jan Layin Mati

Faɗana da Mati mai tireda a kan dunƙulen miya ne. Na miƙa kuɗi na ce ya ba ni goma, sai ya juya bayan ledar, ya ɗora tabarau a hanci.

"Gwaggo, ba jiya aka ce jininki ya hau ba? Abin da suka fara rubutawa a nan shi ya fi yawa a ciki. Gishiri ne."

Na ce, "Kai likita ne ko mai kanti? Ina girki tun uwarka na goye da kai." Na fizge kuɗina na tafi.

Da can Mati shi ke sa wa buhuna shaida a kasuwar Bakori, zamanin da masararmu ke cika manyan motoci zuwa Funtuwa. Kowane manomi da alamarsa, bai taɓa haɗa buhun wani da na wani ba. Da bayansa ya gaji sai ya buɗe tireda. Hawan jini ya kayar da matarsa Sadiya a bakin murhu, ɓarin jiki ya shanye, ba ta shekara ba ta rasu. Tun daga nan ya zama mai karatun bayan leda.

Ya san yawancinmu ba mu shiga aji ba, sai ya dawo da tsohuwar sana'arsa. Jan layi ɗaya a jikin kaya, gishiri kaɗan. Uku, ki yi hankali. Shuɗi na sukari ne. Taliyar yara ta sha uku, lemon kwalba kuwa har wurin zane ya ƙare. Shi ya ganar da mu cewa lambar sukarin da ke jikin gwangwanin madara ta cokali biyu ce, ba ta gwangwanin duka ba.

Wata biyu ina gaba da shi, sai jiri ya kayar da ni a masussuka. Ina kwance na tuna Sadiya. Na koma daddawa irin ta uwata, da dunƙule ɗaya tal.

Bara idon Mati ya dushe, ɗansa ya zo ɗaukarsa zuwa Malumfashi. Wanda ya karɓi kantin ba ruwansa, ko ashirin kika ce zai zuba miki. Ranar tafiyar na kai wa Mati tuwon dawa miyar kuka. Ya ɗanɗana, ya ce, "Gwaggo, layi nawa?"

Na ce, "Ɗaya, sarkin shisshigi. Miyar lami ce, amma da ƙafata na kawo maka."