Merle Hagedorn, mutumin da ya sa wa maƙabartarmu wuta

Shekara talatin da huɗu ke nan Merle Hagedorn yana buɗe ƙofar maƙabartar garinmu, Tilden Creek, da ƙarfe shida na safe. Yakan ajiye tsohuwar motarsa a bakin shinge, ya sha kofi a tsaye, sannan ya bi layukan kaburbura yana ɗaga furannin roba da iska ta kayar. Shi ke haƙa, shi ke rufewa, shi ke yanke ciyawa. Babu gidan da bai rufe wa wani ba, har da namu, domin shi ya kwantar da mahaifina. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ce sun gaji.

A arewacin maƙabartar akwai wani tudu inda aka binne mutanen farko da suka kafa garin. Duwatsun kaburburan sun matsu da juna, injin yankan ciyawa ba ya shiga, saboda haka aka bar wurin. Mun taso muna kiransa abin kunyar gari. Ko'ina ka duba a ƙasarmu masara ce da waken suya har inda ido ya tsaya, sai wannan ɗan tudun kaɗai garma ba ta taɓa shiga ba. Merle ne ya lura cewa tsuntsaye na yin sheƙa a ƙasa cikin ciyawar, kuma akwai ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi irin waɗanda ba ya gani a wani wuri. Wata malamar kwalejin noma da ya gayyato ta shaida masa cewa ciyawar asali ce ta ƙasar, ragowar wadda ta rufe ko'ina kafin zuwan kakanninmu. Ta kuma ce ƙananan itatuwa sun fara cinye ta, in ba a riƙa sa mata wuta bayan narkewar ƙanƙara ba, za ta mutu.

A lokacin ne ya ji cewa wata ƙungiya ta ƙasa tana ba gari shaidar zama matsugunin namun dawa, in gidaje ɗari da makaranta da filayen jama'a suka tanadar wa halittu abinci, ruwa, mafaka da wurin renon 'ya'ya. Merle, mutumin da kan yi wuni bai furta kalma goma ba, shi ya cike takardar a madadinmu. Ya san in garin ya samu shaidar, babu mai sake taɓa tudun. Ya kuma san da su wa yake magana. Mu nan da ciyawar ƙofar gida ake auna mutum. In ta kai taƙi guda, maƙwabta za su fara tambaya ko rashin lafiya kake, ko matarka ce ta tafi.

Da kaka yakan tsinko irin ciyawa da na furanni daga tudun da hannu, ya zuba a ambulan, ya bi gida gida. Ba ya wa'azi. Zai miƙa maka, ya nuna wani lungu a bayan gidanka, ya ce ka shuka a can ka kuma daina yankewa. To, wa zai iya cewa a'a ga mutumin da ya rufe uwarsa? Mun karɓa don kunya, wasunmu sun shuka, wasu sun jefa a aljihun tebur. Cikin shekara uku ya samu gida sittin.

A shekara ta huɗu ya yi kuskuren da ya kusa rusa komai. Kullum farkon Afrilu yake ƙone tudun, tare da 'yan kwana-kwana na sa-kai. A waccan shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa, ciyawa ta ƙi bushewa. Maimakon ya haƙura sai baɗi, ya sa wutar a tsakiyar Mayu, kwana goma kafin ranar da kowa ke zuwa ziyarar kaburbura. Jama'a suka zo da furanni suka tarar da tudu baƙi ƙirin, yana warin toka. Zafin wutar kuma ya tsaga wani ɗan farin dutse, na kabarin wata jaririya mai suna Signe, wadda ta rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Signe ƙanwar mahaifin Ardis Lindahl ce. Ardis kuwa ita ce shugabar kwamitin maƙabarta, tsohuwar malamar makaranta da ta koya wa rabin garin karatu, har da Merle ɗin kansa. Kakarta ce ta sa ta yi alkawarin kai wa kabarin fure duk shekara, ba ta kuma taɓa fashi ba. Aka rubuta takardar neman a sallami Merle, a fesa wa tudun magani, a mai da shi fili. Ina cikin waɗanda suka sa hannu, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Aka taru a ɗakin taro na coci. Ardis ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Merle Hagedorn, mun ba ka amanar matattunmu, ka gasa su kamar masara."

Ya tsaya riƙe da hularsa, ya ce, "Na yi kuskure, Malama Lindahl. Ba wutar ce ta yi laifi ba, lokacin ne, kuma ni na zaɓe shi. Ku sallame ni in kun ga dama. Amma ku bar ciyawar nan, ta riga mu zuwa."

Da ƙyar aka amince a ɗage hukunci zuwa kaka. Shugaban 'yan kwana-kwana ya gaya mini daga baya cewa washegarin wutar ya tarar da Merle durƙushe cikin toka, a gaban wata sheƙa da ƙwai huɗu a ƙone, yana hawaye. Merle bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Kai ne, Merle, ka shafe wannan damina a kan gwiwoyinka kana wanke dutsen Signe da ruwa da burushi mai laushi, ka nemo wanda ya koya maka yadda ake liƙe tsagar. Kai ne aka daina gaisarwa a shago, amma da aka yi rasuwa a gidan wanda ya fi kowa zaginka, ka haƙa wa mamacin kabari mai kyau kamar na kowa. Mun gani, ko da yake a lokacin ba mu ce komai ba.

Duk Asabar Ardis takan zo ta tsaya a kansa tana duba aikin. Zuwa Yuli tudun ya tsiro yadda babu mai rai da ya taɓa gani, furanni har ƙugu, malam-buɗe-littafi ya rufe su. 'Yarta ta ba ni labarin cewa ranar da Ardis ta ga furannin, ta koma gida ta ce kakarta takan ce ta binne Signe cikin furanni har ƙugu, ita kuwa duk rayuwarta ta ɗauka ruɗin tsufa ne. Da lokacin kaka ya zo, Ardis ta janye takardar. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne, ambulan ɗaya na irin ciyawa kawai ta ce ya ba ta. Da aka ga ciyawa ta yi tsawo a ƙofar gidan Malama Lindahl, sauranmu muka nemo namu daga aljihun tebur.

Bayan shekara uku shaidar ta zo. Aka kafa allo a bakin gari, magajin gari ya sha hoto. Merle bai halarta ba, yana da jana'iza ƙarfe biyu. Yau akwai makwarwa a bayan makaranta, da kwaɗi a kududdufin coci, jikokinmu kuma sun san sunayen tsuntsayen da mu ba mu sani ba.

Makon jiya 'yar Ardis ta turo ta a keken guragu har tudun. Shekararta tamanin da shida, likitoci kuma sun gaya mata gaskiya. Tana da wurin kabari kusa da na mijinta a ɓangaren da ake yanke ciyawa, amma ta ce wa Merle ta sauya, kusa da Signe take so. Ya tuna mata cewa ya kusa barin aiki. Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Wa zai sa wuta a kaina? Ka koya wa wani kafin Afrilu."

Mun gode, Merle, mai riƙon amanar matattu da masu rai. Mun zage ka, ka ci gaba da yi mana aiki. Ku kuma jama'ar Tilden Creek, takardar masu son koyon ƙona tudun tana ɗakin karatu, a kan teburin bakin ƙofa. Mutum shida ake buƙata kafin a iya sa wuta lafiya. Suna biyu ne a kai zuwa jiya, ɗaya nawa ne, kuma Malama Lindahl ba ta da lokacin jiran mu yi shawara.