Dorina Biyu a Gurbinmu

Shekarar da na yi aure, dorina biyu kaɗai suka rage a babban gurbin da ke ƙasan ƙauyenmu, can wajen Janfalan, uwa da ɗanta. Mahaifina ne Sarkin Ruwa. Kullum bayan sallar asuba sai ya tafi bakin gurbin ya zauna a gindin kanya. Idonsa ya riga ya yi rauni, don haka ni ke raka shi ina gaya masa abin da na gani: ga kunnuwa sun ɓullo, ga ɗan ya hau bayan uwar, ga rana ta taɓa su jikinsu ya yi ja-ja kamar cikin gwanda.

A lokacin Turawa ne injin matse rake ya iso ƙasarmu, irin wanda doki ke juyawa. Mazarƙwaila ta yi kasuwa a Makarfi, kowa ya dasa rake har bakin ruwa. Makiyayar dorina ta ƙare, sai uwar ta fara shiga gonaki. Baba ya bar fadamarsa ta yi ciyawa saboda su. Ni da shi muka yi wata guda muna haƙa gwalalo tsakanin gurbin da gonakin mutane, amma damina ta cike shi da laka.

Wata safiya Baffa, ƙanen mahaifina, ya same mu a gindin kanyar. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ce, "Yaya, ta sake shiga. Rabin gonata a kwance yake."

Baba ya ce, "Ɗauki gonata ta tudu ka noma. Ka bar mata bakin ruwan."

"Rake ba ya yi a tudu, Yaya. Kai ma ka sani."

Gaskiya kuwa Baffa ya faɗa.

Manoma suka kai kuka wurin hakimi, magana ta kai ga Bature. Baba ya taka har Ikara ya roƙa, aka ce masa an riga an ba maharbi izini. Da hantsi aka harbe ta. Aka raba naman gida-gida, fatar kuma aka yanka ta bulala. Baba ya hana a shigo da naman gidanmu. Ni kuwa na ci a gidan surukaina, don na ji nauyin in ƙi, kuma har ya rasu ban gaya masa ba.

Ɗan ya rage shi kaɗai, yana zagaya gurbin yana kuka. Muka yanko masa ɗanyar ciyawa, muka karɓo madara a rugar Fulani muka ajiye a bakin ruwa cikin ƙwarya. Bai kusanto ba. Rana ta huɗu Baffa ya zo da damin rake a ka, ya ajiye kusa da ƙwaryar, ya koma gefe ya zauna. Raken ma ɗan bai taɓa ba.

A kwana na tara na hango shi a kan yashi, ba ya motsi. Na gaya wa Baba ya mutu. Baba ya ce a binne shi, kada a yanka. Mu uku muka haƙa ramin, Baffa ya fi kowa haƙa, har tafinsa ya fashe. Da muka gama, shi ya riƙe wa Baba hannu har gida.