Kyandir ɗin da Baba Tanasiye Ya Ƙi Kashewa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Nuwamba, ƙararrawar babbar majami'ar Belgrade ta sanar da mu rasuwar Tanasiye Melentic, tsohon ministan shari'a. Ina tsaye ina jera haruffa a maɗaba'armu labarin ya iso. Abokan aikina suka juyo suna kallona, suna jiran in yi dariya, domin duk garin nan babu wanda ya zage shi a jarida kamar ni. Ban yi ba.

Baba Tanasiye, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Tun kana magatakarda a lardi har ka hau kujerar minista, ra'ayinka ɗaya ne: Sarki a sama, masu ilimi a gefensa, manomi ya yi noma ya bar zancen ƙuri'a. Ni kuma ɗan manomi ne, a kan haruffan dalma na koya wa kaina karatu, kuma har gobe ina cewa ka yi kuskure. Dokar 'yan jarida da ka rubuta muguwa ce. Ni na raɗa maka suna Baba Sakata, ya kuma bi ka har cikin majalisa.

Amma waɗanda suke ta zuba maka kirari a makon nan ba su san ka ba. Ni na san ka, kuma ga yadda aka yi.

Shekarar da na rubuta cewa fada tana cin gumin ƙauye, aka ba shugaban 'yan sandan birni umarnin ya kai ni kurkukun ganuwa. Kowa ya san wanda ya shiga can kafin ya ga alƙali, da wuya ya fito da haƙoransa. Ranar ta zo daidai da bikin Waliyyi Nikola, waliyyin gidanku, kotuna duk a rufe. Na ce tunda za a farfasa mini baki, bari in yi amfani da shi tukuna. Na nufi gidanka, domin ranar bikin waliyyi ba a korar baƙo.

Na same ka a tsaye kamar kowane maigida a irin wannan rana, kyandir yana ci a kan tebur, kana zagayawa da tire. Ka dube ni daga takalmi zuwa hula.

"Kai ne Svetolik mai tawada? Na zaci ƙato ne. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba, zagi na kawo."

"To ci alkama tukuna. Ba a zagin mutum da yunwa a gidan nan."

Na ci dafaffiyar alkama, na ci kifi da wake, ina ci ina gaya maka abin da ke raina a gaban manyan ƙasa. Kai kuwa kana cika mini kofi kana gyara mini zance. Na ambaci wata doka, ka katse ni. "Wannan dokar ba tawa ba ce, ɗan nema. Tawa ta fi ta muni. In za ka zage ni, yi karatu."

Ana cikin haka shugaban 'yan sanda ya iso da mutanensa. Ka tare shi da tire, ka ce shi ma baƙo ne. Ya ce ba ya keta biki, zai jira a kashe kyandir, alamar biki ya ƙare, sannan ya kama ni. Shi ke nan. Kowa ya san maigida ba ya zama muddin kyandir ɗin waliyyi yana ci, kowa kuma ya san ciwon ƙafarka, wanda a majalisa ma sai an sa maka matashi.

Baƙi suka watse. Matarka, Inna Persida, ta kawo ruwan inabin da ake kashe kyandir da shi, ka ce ta mayar. Da kyandir ya kusa ƙarewa ka kunna wani daga jikinsa.

"Tanasiye, za ka faɗi saboda yaron da ya kira ka sakata?"

"Ai bai yi ƙarya ba, Persida. Yau ma aikin da nake yi ke nan."

Na miƙe na ce ka zauna, zan bi 'yan sandan. Ka daka mini tsawa: "Baƙo ba ya koya mini bikin ubana! Persida, ƙaro masa kifi."

A tsaye gari ya waye maka, kana dafe da bayan kujerar da ka ƙi hawa. Da aka buɗe kotu ka kashe kyandir, ka ɗauki sandarka, ka riƙe hannuna har gaban alƙali. A hanya na fara godiya, ka ce, "Kada ka ruɗi kanka. Dokata za ta ci ka. Amma alƙali ne zai yanke, ba kulki ba." Ta kuwa ci ni: wata ɗaya a ɗaure, da haƙorana cif. Ka riƙa aiko mini da littattafai, duk na masu ra'ayinka, na karanta su na ƙara samun abin zaginka. Kafin in fito, fada ta karɓe kujerarka saboda wannan dare. Ba ka taɓa ambata mini wannan ba.

Tun daga nan ban fasa zuwa bikinka ba, ban kuma fasa sukarka ba. Bara ka ce rubutuna ya yi sanyi, ko na fara tsufa ne.

Allah ya jiƙanka, Baba Tanasiye, ya yafe maka kurakuranka, har da dokar nan. Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Persida da 'yarku Draginya da jikokinka, Allah ya ba ku haƙuri.

Bikin Waliyyi Nikola ya ƙarato, kuma ba ka bar ɗa namiji ba. Jiya Inna Persida ta tambaye ni wa zai riƙe tire bana. Na ce mata ta sayi kyandir mai tsawo. Kai ka huta, Baba. Ni zan tsaya.