Tukunyar Da Ba Ta Wuta Ba Ce

Mun ɗan wuce Jabo ke nan, cikin bas ɗin da na shiga daga Tambuwal zuwa Sakkwato, sai hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujerar direba. Ni kuma jarkokin fetur biyu ne a ƙarƙashin tawa kujerar. Ƙofar motar ba ta buɗuwa sai ta waje. Wata Bafulatana da ke kusa da ni ta ƙanƙame jaririnta tana ta salati.

Na fizgo jar tukunyar kashe gobara, wadda ɗazun nan direban ya ɗaga wa jami'an kiyaye haɗurra suka ce ya wuce. Na matsa, na sake matsawa. Ko iska ba ta fito ba.

Na daka masa tsawa: "Direba, wagga tukunya babu komi cikinta!"

Yana kokawa da ƙofa ya ce: "Malam, ai ta ma'aikata ce, ba ta wuta ba. Tasha nika karɓo ta haya, in na komo in maishe ta."

Wasu manoma ne suka sheƙo daga gona, suka buɗe mana, suka danne wutar da ƙasa. Allah Ya saka musu da alheri.

Wallahi har yanzu ina tuna jaririn nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na ga direban ya kakkaɓe tukunyar ya mayar mota. Gobe wani direban zai karɓe ta, wataƙila da mahaifiyarka a ciki.

Jama'a, don Allah ku gaya mini, wa muke yi wa wayo?