Rabon Gishirin Hajiya

Itacen daga bakin teku ya zo gidanmu. Ƙungiyar unguwarmu ta Stains ce ta kai mu yawo Normandi a bas, matata Hajiya ta gan shi jere a ƙofar gidaje, iskar teku tana kaɗa shi, ganye siriri kamar zare, fure ƙanana jaja-jaja. Tamaris ake ce masa. Mai sayarwa ya ce yana "supporte" gishiri. Mu a bakin masu goyon bayan ƴan ƙwallo muka san kalmar nan, sai muka ɗauka son gishiri yake.

A lokacin likita ya riga ya hana Hajiya gishiri saboda tansiyo, wato hawan jini. Ta dasa itacen cikin babbar tukunya a balko, wato barandar benenmu. Ranar da ta ga dama, in ta sauke miya, sai ta ɗebi gishiri da yatsu biyu ta barbaɗa a gindinsa.

"Ci rabona," in ji ta. "Kai ne Malam bai sa wa ido ba."

Na ce, "Umarnin likita ne, ba nawa ba."

"To, likita ne ke ɓoye mini dunƙulen miya a saman kabad?"

Mantuwarta ta fi tunawarta yawa, ruwan sama kuma yana wanke tukunyar. Itacen ya yi ta fure.

Da ta rasu, na karɓi aikin bisa tsari, don ba na wasa da abin da aka bar mini. Bayan sallar asuba ruwa, bayan ruwa gishiri, kullum. Da ganyen ya soma ƙonewa na ce rashin ƙoshi ne, na ƙara. Sannan na janyo tukunyar ƙarƙashin rufi kada ruwan sama ya rage masa.

Ƴarmu da ke karatu a Lyon ta zo hutu. Ta kankare farin ɓawon da ya rufe ƙasar, ta tambaye ni, na faɗa mata daki-daki.

"Baba, kalmar nan ta mai sayarwa jurewa take nufi. Daurewa yake yi, ba so yake ba."

"Uwarki tana ba shi."

"Sau nawa Mama take tunawa?"

Muka juye ƙasar, muka wanke saiwar a bahon wanka, muka zuba sabuwar ƙasa. Ta karya reshe ɗaya don ta duba, ciki a bushe. Ta karya na biyu, haka. Ta kai hannu ga na uku, na ce ya isa.

Ta koma Lyon. Ina nan ina ba shi ruwa bayan asuba. In ta kira ta tambaya ko ya toho, sai in ce mata sanyi bai wuce ba tukuna.